Wuƙar Hannun Hagu

Zuwa ga ƙanena Auta,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka da jirgin naku da ba ya gajiya da yawo. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Yara suna gaishe ka, babansu ma haka. Na zaɓi in rubuto ne saboda wayarku ta kan teku ba ta da amana, kuma ko ta shiga kai ne ke katse ni. A takarda ba ka da wannan damar.

Jikin Baba da sauƙi. Bakin ya koma daidai, magana tana fita, sai dai a hankali, kamar yana auna kowace kalma. Ƙafa tana kai shi har lambu in ya dafa bango. Hannun daman ne har yanzu ya ƙi. Yana iya danne abu da shi, amma ba ya iya damƙa. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki haka take, sai haƙuri da motsa jiki.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Mangwaron Inna yana mutuwa, wanda Baba ya yi wa aure da hannunsa shekarar da ya auro ta, wanda muka ce ko aljanna sai dai ta yi kamarsa. Gara ta shige shi ta ƙasa ba mu sani ba. Ɓangaren rijiya ya bushe ƙarau, rassan wajen katanga ne kawai ke da ganye. Ƙananan dashen ƙwallo suna nan jere a leda ƙarƙashin rumfa, sun kai kaurin yatsa, aure kawai suke jira. In ba a yanko reshe daga uwar an haɗa musu kafin ta ƙarasa ba, irin ya tafi ke nan, don babu irinsa a gidan kowa.

Makon jiya na dawo daga makaranta, ko allin hannuna ban wanke ba, na tarar da Baba zaune a lambu da tsohuwar wuƙarsa a hannun hagu. Ya yanke gindin babban yatsansa na dama, jini har kan riga, shi bai ma ji ba. Guntayen rassa zube a gabansa, duk yankan ya karkace. Na karɓe wuƙar na kulle a akwatina. Bai yi mini musu ba, wannan ne ma ya fi ba ni tsoro. Tun ranar ya rage magana, sai dai in ina shara ko ina zuba masa shayi in ɗago in ga yana kallona, ban san me yake nema a jikina ba.

Na ɗauko wani mai sayar da dashe ya zo ya yi aikin. Mutumin yana fito da reza daga aljihu Baba ya ce in ba shi kuɗin mota, wai ba a taɓa itacen matarsa da abin aski. Ni kuwa ka sani ba ni da hannun wannan aiki. Baba ya yanke wannan hukuncin tun ina 'yar firamare, ranar da na ɓata masa rabin kwandon rassa ya karɓe wuƙar ya miƙa maka. Kai ya koya wa, don haka kai za ka zo.

Na ga hoton da ka turo wa yara, wuƙaƙen aljihu jere a kan tawul kamar za a yi gwanjo. Auta, mutum ɗaya da aljihu biyu, me kake yi da su duka? Ka nemi hutu ka zo da ɗaya daga ciki ta yi abin kirki sau ɗaya a rayuwarta.

Allah ya tsare mana kai a ruwa da tudu.

Yayarka.

*

Zuwa ga Yaya,

Amin wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da ɗawainiya, Allah ya saka miki da alheri. Takardarki ta jira ni a ofishin kamfani har jirginmu ya tsaya. Ko ban duba bayan ambulan ba na san taki ce, da rubutun nan naki na bahaguwa da ke kwanciya baya kamar gero bayan iska. Lafiyata ƙalau, sai ƙarar inji da ta zame mana abinci. Ki gaishe da Baba da kyau, ki ce ina yi masa addu'a kullum.

Na karanta zancen mangwaron Inna na kasa cin abinci. Wallahi na nemi hutu, babban injiniya ya ce sai kwantiragi ya ƙare, don babu wanda zai riƙe wurina, kuma saura watanni. Itacen ba zai jira ni ba, na sani.

Kin yi mini tsiya a kan wuƙaƙena, na kuma karɓa. Ta farko na saye ta ne don ƙotarta ta yi kama da ta Baba. Daga nan duk tashar da muka tsaya, wasu su nufi wurin shaƙatawa, ni in nufi layin 'yan ƙarafa. Akwai mai ƙotar ƙaho, akwai ta masunta mai tsinken kwance igiya, akwai wadda kuɗinta bai kai na kofin shayi ba amma ta fi masu tsadar ci. Gaskiya yawancinsu ba su taɓa yanka komai ba sai takarda. In na tashi aiki kunnena na amo, nakan zauna in goge su da mai, in buɗe in rufe. Ƙarar rufewar nan tana mayar da ni lambu, ina tsugune kusa da Baba. Ki yi dariya in kin ga dama.

Amma yau tsiyar taki za ta yi rana, don na san abin da ya yanke Baba. Wuƙar auren itace gefe ɗaya ake wasa mata, ɗaya gefen a shafe yake sumul. Shafaffen ne ke kwanciya a jikin reshe, shi ya sa yanka ke fitowa a miƙe, fuska biyu su haɗu ba iska a tsakani. Ta Baba ta hannun dama ce. In aka mayar da ita hagu, gefen da aka wasa ne zai kwanta, sai ta riƙa nutsewa cikin itacen ko ta zame ta nufi yatsa. Ko wane gwani ne ya riƙe ta haka, yankan zai karkace. Na zazzage tawul ɗina kaf, na zaga shaguna, babu ta hagu ko ɗaya, kamfanoni ba su damu da bahago ba.

Akwai wani tsohon maƙeri a tashar da muke yawan komawa, yana yi wa mutum wuƙa daidai hannunsa. Layi ake bi, na daɗe a ciki ina jiran wata wuƙa mai zane a ruwanta da na ƙwallafa rai a kai. Na bar waccan, zan ba Baba gurbina. Kuɗinta ya kusa albashina na wata biyu, gara in faɗa miki da bakina. Sharaɗinsa ɗaya ne, ba ya karɓar awon tef. Ki samo ɗanyen yumɓu kamar girman ayaba, Baba ya damƙe shi da hannun hagu ya matsa sau ɗaya. Da wannan yake sassaƙa ƙota. Abokin aikina mai walda yana hutu, na ba shi kwatancen gida, zai biyo ya karɓa.

Don Allah kada ki ce komai sai kin gani.

Ƙaninki, Auta.

*

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Baba yana samun sauƙi, jiya har ya yi wanka da kansa. Ƙaramar tawa ta yi zazzaɓi amma ta miƙe.

Ka ce kada in ce komai. To zan ce. Albashin wata biyu a wuƙar da ba ta kai tsawon tafin hannu ba? Na ce ka zo, ka aiko mini da darasin ƙira. Zuwa da kai ya fi aike, Auta. Tsohon da na tsince shi cikin jini shi kake so in mayar wa wuƙa, sabuwa kuma, mai kaifin da ya fi na da. Kai kana can tsakiyar ruwa, ni ce zan naɗe yatsan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bayaninka na gefe da gefe ban gane shi ba, ban kuma yi ƙoƙarin ganewa ba, raina a ɓace yake.

Duk da haka na karanta wa Baba takardar, na tsallake wurin kuɗin kawai. Da na zo kan zancen wasa gefe ɗaya ya ɗaga hannu ya ce in maimaita. Na maimaita. Sai ya ce a samo yumɓun. Na roƙo a wurin mai tukwane na ajiye cikin jiƙaƙƙen tsumma, da niyyar in bar maganar ta mutu da kanta.

Sai ga mai waldarku da sassafe, mota tana jiransa a ƙofa, direba yana ta danna hon. Na kawo wa Baba yumɓun. Ya jujjuya shi a hannun hagu, ya daɗe yana kallo. Kawai sai ya kamo hannuna na hagu ya ɗora mini, ya rufe yatsuna da nasa ya ce, “Matsa.” Na ce Baba ai naka ake so. Ya ce, “Matsa dai.” Na matsa. Ya ce a sa a gwangwanin madara a ba baƙo. A ganina ya ji ba zai iya ba ne, kunya ta hana shi gwadawa a gaban baƙo, ni kuma ban so in tona shi. Na bi abokin naka har mota na ce ya gaya maka hannuna ne ba na Baba ba. Ya ce to, to, yana duba agogo, ban tabbata ta shiga kunnensa ba.

Saboda haka ka hana maƙerin nan farawa. Ka karɓi kuɗinka, ko ka sayi mai zanen da kake mafarki, aƙalla wani ya ji daɗi. Reshe biyu sun ƙara bushewa a mangwaron. Na fara shirya zuciyata a kan rasa shi, kai ma ka shirya taka. Ni dai na gaji.

Yayarka.

*

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kowa lafiya, Baba kuma yana ƙara samun ƙarfi. Ni ƙalau, mura ce ta ɗan taɓa ni ta wuce.

Gwangwani ya iso lafiya, ko tsagewa bai yi ba. Amma Yaya, ko layi ɗaya? Na zazzage tsumman da kika naɗe shi ina neman takarda. Na tambayi mai walda ko kin ba shi saƙo, ya ce kin yi magana a bakin mota amma hon ya hana shi ji, wataƙila gaisuwa ce. Na san fushi kike, shirunki na san shi tun muna yara. Ba komai, tunda kin aiko na san kin yarda ko da rabi ne.

Ina ma kin ga maƙerar tsohon nan. Ɗaki ne ƙarami a bayan shagon masu gyaran raga, ba ya ɗaukar mutum uku. Yumɓun mutane jere a kan katako, kowanne da shatin yatsun mai shi, na masunta da na mahauta da na wani mai ɗinkin takalma da ya rasa yatsa biyu. Na tambaye shi gaskiya, me ya sa tasa ta ninka ta shago haka. Ya ce ƙarfen bai fi na shago da wani abin kirki ba, kada in bari kowa ya ruɗe ni. Ya ce in lemo zan ɓare ko igiya zan yanke, in je shago, asara ce in zo wurinsa. Wurinsa na wanda shago ya manta da shi ne. Kin ga har ya fi ki yi mini faɗa.

Ya ɗauki na Baba ya sa yatsunsa a gurbin, ya ce, “Hannun mahaifinka ƙarami ne.” Yaya, sai da na fita waje. Hannun da ke ɗaga ni shi kaɗai ya ɗora ni a reshe, yau ciwo ya cinye shi har baƙo yana ce masa ƙarami. Na tsaya a bakin ruwa na yi kukana na share, na dawo na ce ya fara.

Zai yi mata ƙotar icce mai nauyi, ruwanta gajere, da ɗan tudu a baya yadda babban yatsa zai buɗe ta ba sai da taimakon ɗaya hannun ba. Kafin mu zagayo ya gama. Ki riƙa ba rassan da suka rage ruwa, ki ce wa Baba ya riƙa matsa ƙwallon roba da hagun.

Ƙaninki, Auta.

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Ina fatan Baba lafiya.

Takardarki ta bi mu tasha biyu kafin ta same ni, kuma ta same ni da wuƙar a aljihu, an gama, an biya. Na koma wurin tsohon da gudu, ya ce ƙotar da aka sassaƙe ba a mayar mata da nama, sabuwa kuwa sai in koma ƙarshen layi.

Ashe kukan da na yi a bakin ruwa, hannunki na yi wa. Ban san ko in yi dariya ba. Kin ce Baba ne ya sa ki. Ban ƙaryata ki ba, amma ke da ko magani ya ƙi sha sai kin san yadda kika yi da shi, yumɓu ne ya gagare ki? Tun farko ba ki so, kin kuwa samu yadda kike so. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙarshen takardarki. In kin gaji da Baba ki faɗa mini a fili, in nemi mai jinya in riƙa biya, ba sai kin rataya abin a wuyan itace ba.

Ga ta nan na ba wani mai sauka ya sa a hannun direban da ke bi ta wajenku. Ba zan iya ajiye ta cikin nawa ba, ganinta yana ɓata mini rai. Ki yanka albasa da ita.

Auta.

*

Zuwa ga Yaya,

Sallama da gaisuwa. Yaya jikin Baba, yaya yara da babansu?

Tasha uku ke nan ina zuwa ofis ana ce mini babu takarda. Na kira wayar gida ta shiga sau ɗaya, ƙaramarki ta ɗauka ta ce kina lambu, layin ya yanke. Na sake karanta abin da na rubuta miki a zuciyata, na ji kunya. Ke ce ke wanki da ɗauka da kwana a asibiti, ni ina nan ina goge ƙarafa da mai. Bai kamata in faɗi abin da na faɗa ba. Ki yafe mini, ko zagi ne ki rubuto. In itacen ya mutu ki gaya mini, zan iya ɗauka. Shirun ne ba na iyawa.

Ƙaninki, Auta.

*

Zuwa ga ƙanena Auta,

Sallama irin ta 'yan'uwa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Mu nan sai hamdala. Baba ya ajiye sanda a cikin gida, a waje kawai yake riƙe ta. Yara suna tambayar yaushe za ka zo.

Takardunka biyu na ƙarshe sun iso. Ta farkon ta ƙona mini rai, ba zan ɓoye maka ba, har na rubuta amsa na yaga. Gajiyar da na ce, gajiyar sa rai ce da itacen nan, ba da uban da ya haife ni ba. Na yafe, a bar maganar. Sauran shirun kuwa da gangan na yi, na ce ba zan rubuto ba sai na gani da idona, don gani ya kori ji.

Wuƙar ta iso na jefa ta cikin durowar cokula, ko buɗewa ban yi ba. Tana nan har aka yi wata iska da yamma, babban reshen wajen katanga ya karye ya faɗo, cikinsa duk ƙasa. Reshe ɗaya ya rage mai ganye. Washegari Asabar, na gama ba dashe ruwa, Baba ya ce in fito masa da kujera lambu, in ɗauko “saƙon yaron nan.” Ban san ma ya san ta zo ba, ashe ƙaramar ce ta kai rahoto.

Ya buɗe ta da babban yatsa, ta buɗu ba gardama. Ya juya ta ya duba shafaffen gefen, ya gwada kaifin a gashin hannunsa, ya gyaɗa kai. Da ya damƙe ta, ɗan yatsansa ya rasa wurin zama. Na ce, “Ka gani Baba, ta yi maka kaɗan, kuɗin yaron ya tafi a banza.” Ya ce, “Dama ba tawa ba ce.” Ya miƙo mini ya ce in zauna.

Na ce Baba ka manta ni ce? Ya ce bai manta ba. Na karɓa don kada in yi masa musu, sai na ji yatsuna sun faɗa gurbinsu ɗaya bayan ɗaya. Ka san duk abin da na riƙa a duniya sai na yi dabara da shi, almakashi, mabuɗin gwangwani, har teburin jarrabawa. Ban taɓa riƙe abin da aka yi don hannuna ba sai ranar.

Ya sa aka kawo tsani na yanko ƙananan rassa masu ido daga reshen da ya rage. Ya ce in manne gwiwar hannu a haƙarƙari, in kwantar da ruwan wuƙar, in ja sau ɗaya, kada in gurza. Na ja. Auta, ta wuce kamar a sabulu. Ya sa na yanka jikin dashen ma haka. Ya karɓa ya haɗa fuskokin biyu ya ɗaga su saitin rana, haske bai ratsa ba.

Ya miƙo mini su. Sannan ya yi magana, da irin maganarsa ta yanzu, kalma ɗaya ɗaya. Ya ce ranar da ya yanke, ba jinin ne ya dame shi ba, rassan da ya ɓata ne. Ya ce yana ganin karkacewar yankan ya gane shi, ya taɓa ganin irinsa a cikin kwando, a gaban wata yarinya tana kuka. Ya ce, “Duk shekarun da na yi ina wannan aiki, da na mayar da wuƙar hagu, yankanki na yi.” Ya ce ya rasa dalili sai da na karanta masa takardarka. Ya kalle ni ya ce, “Ashe wuƙar ce. Na ce ba ki da hannu.”

Ban san abin yana nan a raina ba, na ɗauka na binne shi tun tuni. Na yi kuka sosai, da girmana da 'ya'yana, a tsugune a gaban leda. Bai hana ni ba. Da na gama ya ce rassan za su bushe in ban yi sauri ba. Shi yana danne dashen da hannun daman nan da muka ce bai da amfani, ni ina yanka ina naɗe leda, har muka gama layin rumfa kafin rana ta yi zafi.

Daga nan sai jira. Kullum kafin in tafi makaranta sai na leƙa, in na dawo in tarar da shi a wurin. Wasu sun yi baƙi sun mutu, ya ce ɗaurina ne ya yi sako-sako, ya yi mini faɗa sosai, na kuwa ji daɗin faɗan. Sauran sun fasa toho, jajayen ganye ƙanana masu sheƙi. Uwar ta ƙarasa bushewa makon jiya, masu zarto za su zo. Baba ya ce su bar masa kututturen ya riƙa zama.

Kan maganar tsada, har gobe ina nan a kan bakana, kuɗin ya yi yawa, kuma maƙerinka ya fi ka hankali. Waɗanda ke kan tawul ɗinka ban canza ra'ayi a kansu ba, sai dai na daina yi maka dariya, don da ba ka ɓata shekaru kana jujjuya su ba da babu wanda ya san zancen gefe ɗaya a gidan nan. Wannan kuwa kada ka sa rai za ta shiga jerinka. Ruwan mangwaro ya riga ya ɓata mata ƙota, tana cikin jakata tare da alli da jan biro. Albasa kuma da wuƙar kicin nake yankawa.

In ka koma wurin tsohon ka ce masa hannun da ya ce ƙarami ne ya gode. Ka zo da ta dama guda ɗaya in kwantiragin ya ƙare, akwai aiki, maƙwabta sun fara kawo dashensu. Duk wanda ya shigo ya ga tohon sai ya ce, “Baba, ashe hannu ya dawo.” Shi kuma sai ya girgiza kai ya nuna ni. Maganar tana yi masa wuya, yana daɗewa kafin ya kai ƙarshenta, amma bai taɓa bari na ƙarasa masa ba. Cewa yake, “'Yata ce ta yi.”

Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Yayarka.